Tef Mai Launi Uku

A Korail, cikin Dhaka,
inda kwano ke jingine da kwano,
ina tashi kafin ladan ya gyara murya.
Murhu ɗaya, gida bakwai.
Wadda ta riga ita ke da wuta,
wadda ta makara ta ci ta jiya.

Shinkafar da ta kwana cikin ruwa,
gishiri, barkono, ɓarin albasa.
Kan kifi na Jalal ne,
don ƙafarsa ce jarin gidan,
ita ke tuƙa keken da ke biyan haya.
Ban taɓa jin haushin wannan ba.

Tuhin nake bari a cinyar surukata Monowara.
Haƙoranta huɗu, nasa takwas,
abinci ɗaya suke iya ci.
Na yaye shi yana wata huɗu,
keken ɗinki ba ya jiran mai shayarwa.

Taka biyar, kwalekwale ya tsallaka da ni tafki
zuwa inda benaye ke shan iska.
Aikina haɗa hannun riga,
rigunan 'ya'yan wata ƙasa.
A wuyan kowace an rubuta shekarun mai ita:
wata shida, wata tara, shekara biyu.
Ɗari takwas a yini.
Na san faɗin damtsen yaron da ya ƙoshi
ko idona a rufe.

Wata rana mai ya ɗiga a kan wata shuɗiya,
aka jefar, na roƙa, aka ba ni.
Ta ɗan wata tara ce.
Tuhin ya cika biyu tun kafin ruwa ya sauka,
ta shige shi, har hannun ya yi masa yawa.
Na yi dariya a gaban surukata,
sannan na fita bakin kwata na daɗe.

"Yaro mai haƙuri," in ji ta,
"ba ya kuka, ba ya ƙiriniya.
Biskit ɗaya a tsoma a shayi,
shi ke nan sai barci."
Mu duka mun ɗauki shirun nan alheri ne.

Ranar Juma'a Parul ta zo daga asibiti
da jaka da ɗan siririn tef:
kore, rawaya, ja.
Ta naɗa a damtsensa, ta ja a hankali.
Koren ya wuce.
Rawayan ya wuce.
Ni da awo ne abincina,
ban bukaci ta faɗa mini ba.

Ta ce ƙwai ɗaya kullum,
ƙananan kifi da ƙashinsu, ganye, ayaba.
Tana lissafi da yatsu,
ni ma ina nawa a ƙarƙashin mayafi:
haya, ruwa, bashin Mizan mai kanti,
maganin tarin tsohuwa.
Yatsuna sun riga nata ƙarewa.

Duk da haka na sayo ƙwan.
Na riƙo shi a tafi tun daga bakin hanya
kamar mai ɗauke da fitila cikin iska.
Na bi layin murhu, na dafa, na ɓare,
na murƙushe gwaiduwar da ɗan yatsa.

Ya kawar da kai.
Bai san shi ba.
Biskit yake nema da ido.

Kwalekwalen farko ya tashi, ina ji.
Na biyu ma ya tashi.
Za a yanke mini rabin yini, na sani.
Jalal ya tsaya a ƙofa, tsumma a kafaɗa,
bai ce komai ba,
sai ya dawo ya tsuguna,
ya ɓanɓaro tsokar kumatun kifinsa
ya ajiye a gefen kwanon.

Ni dai yatsana na nan a leɓen yaron,
rawaya a kai,
ina jira ya buɗe baki.